Zanga-zangar rantsar da Trump a 2017: taron tsintsiya ne ko an yi shara?

Nura Gwale: Assalamu alaikum 'yan majalisa. Ina da tambaya ga masana. Ranar 21 ga Janairu 2017, washegarin rantsar da Donald Trump, mata suka cika Washington da huluna ruwan hoda, duniya ta ɗauka. Mutumin ya yi shekara huɗunsa cur, ya kuma dawo a 2025. To me aka ci? Ni a ganina ihu ne bayan hari.

Dakta Bilkisu: Wa alaikumus salam. Malam Nura, fara duba kalanda. An yi zaɓe 8 ga Nuwamba 2016. Wakilan jihohi, waɗanda ƙuri'arsu ce ke fitar da shugaba a Amurka, sun kaɗa tasu ƙuri'ar 19 ga Disamba, Trump 304, Hillary Clinton 227, duk da ta fi shi ƙuri'ar jama'a da kusan miliyan 3. Majalisa ta ƙirga ta tabbatar 6 ga Janairu. Tsarin mulkinsu kuma ya yanke cewa wa'adin tsohon shugaba yana ƙarewa ƙarfe 12 na rana, 20 ga Janairu. Bakin alƙalami ya riga ya bushe, kuma waɗanda suka shirya tattakin sun san haka, shi ya sa ma suka sa shi washegari. Idan za ka auna su, ka auna su da abin da suka fita nema: su nuna yawansu, su kuma tara mutanen da za su yi aiki da su daga baya.

Kuma kada a cakuɗa kwana biyun. Abin da aka yi ranar Juma'a 20 ga wata daban, na Asabar 21 daban. Gari ɗaya, 'yan sanda ɗaya. Juma'a an kama mutum sama da 200. Asabar, da taron ya kusa rabin miliyan, 'yan sandan birnin ba su kama kowa ba.

Barista Aminu: Dakta ta taɓo inda nake so. Bari in fara da izini, don mutane suna ɗauka Washington fili ɗaya ne mai mai-gida ɗaya. Ba haka ba ne. Babban filin National Mall da dandalin Lincoln suna hannun hukumar National Park Service, tana da nata 'yan sanda. Harabar majalisa tana hannun 'yan sandan majalisa. Titunan gari na 'yan sandan birni ne. Ranar rantsarwa kuma jami'an tsaron shugaban ƙasa ne ke saman kowa. Tafiyar minti goma za ta iya ratsa ka ta hurumin hukuma uku, kowacce da takardarta.

A filin tarayya, taron da ya wuce mutum 25 sai da izini. Ana karɓar takarda tun shekara guda kafin ranar, wanda ya riga shi ake ba. A nan gizo ke saƙa: hukumar da kanta take riga kowa, ta keɓe manyan wuraren ga kwamitin bikin rantsarwa tun ba a san wanda zai ci ba. Matan nan dandalin Lincoln suka so, inda Martin Luther King ya yi jawabinsa a 1963. Ba su samu ba. Sai suka koma titi, mahaɗar Independence Avenue da titi na 3, kusa da majalisa, inda da 'yan sandan birni za su daidaita.

Nura Gwale: Barista, wato da izinin gwamnati ake zagin gwamnati?

Barista Aminu: Izinin bai shafi abin da za ka faɗa ba. Hukuma ba ta da ikon hana ka don saƙonka bai yi mata daɗi ba. Ikonta yana kan wuri da lokaci da yadda za a yi: wane titi za a rufe, daga ƙarfe nawa, ina motar asibiti za ta bi, wa zai kwashe shara. Takardar ita ce take ɗaure 'yan sanda su ma, don sun sa hannu cewa sun san hanyar.

Injiniya Kabiru: Ni lissafi zan kawo, don a nan abin ya kusa ɓaci ranar Asabar ɗin, mutane ba su sani ba saboda hotunan sun yi kyau. Sun shirya wa mutum 200,000 ne. Masana cunkoso biyu daga Manchester, Marcel Altenburg da Keith Still, da suka auna hotuna, sun ƙiyasta kimanin 470,000 a filin da kewayensa, wajen ninki uku na taron rantsarwar.

Yadda ake ƙiyasin ba sihiri ba ne. Tun shekarun 1960 wani malamin aikin jarida a Berkeley, Herbert Jacobs, ya fitar da hanyar: ka auna faɗin wuri, ka ninka da yawan mutane a kowane murabba'in mita. Taro mai sakewa, inda za ka miƙa hannu ba ka taɓa kowa ba, kusan mutum 1 ne a mita. Mai kauri, kafaɗa da kafaɗa, kusan 2 da rabi. Wanda aka matse ba a iya juyawa, 4 da ɗoriya. Filin ƙwallo mita 105 ne a 68, wato 7,140. A cika shi kafaɗa da kafaɗa, bai wuce mutum 18,000 ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka ya tara miliyan ɗaya, tambaye shi ina filayen ƙwallo 56 ɗin da suka tsaya.

Yanzu ɗauki hanyar tattakin. Daga titi na 3 a yi yamma zuwa na 14, a karya arewa, a sake yin yamma zuwa kusa da fadar White House. Bai kai kilomita 3 ba. Mu ƙaddara faɗin titin mita 30 ne, mu cika tsawon ya kai mita 3,000 ɗin, ya zama murabba'in mita 90,000. Ninka da 2 da rabi, mutum 225,000. Kun ga matsalar? Tun kan jerin gwanon bai motsa ba, jama'a sun riga sun cika hanyar har inda za a ƙare. Babu inda za a taka. A Chicago ma haka aka yi, sai masu shiryawa suka soke tattakin a hukumance suka bar gangamin kawai. A Washington mutane suka fantsama ta titunan gefe kowa ya nufi fadar ta inda ya samu.

Hajiya Zulai: Injiniya, ƙara musu da maganar jawabai. An tsara a fara 10 na safe a tashi wajen 1 da kwata. Masu magana suka yi yawa, kowace ƙungiya da ta sa hannu tana so a ji muryarta, aka zarce lokaci sosai. Na nesa ba sa ji, ba sa ganin allon majigi, suna tsaye cikin sanyin Janairu tun safe. Su ne suka fara kiran a tafi, a tafi. Wannan ne lokacin da ya fi hatsari a kowane taro: na baya suna turowa don sun gaji, na gaba ba su da wurin zuwa.

Injiniya Kabiru: Haka ne Hajiya. Kuma abin da ke kashe mutane a turmutsutsu yawanci ba tattakewa ba ce. Matsewar ƙirji ce, mutum yana tsaye numfashi ya gagara. Da zarar an haura mutum 5 a murabba'in mita, taron ya daina zama mutane masu yanke shawara, ya koma kamar ruwa, in aka tura daga can sai igiyar ta iso nan. Abin da ya cece su shi ne titunan gefe a buɗe suke. Da an toshe su da shinge kamar yadda aka yi ranar Juma'a don bikin, da labarin ya sha bamban.

Musa Ɗan Sabon Gari: Ni ban yarda da alƙaluman nan ba. Kowa na faɗin abin da ya yi masa daɗi. Ai kakakin fadar ma ya fito ya ce nasu taron ne ya fi kowane girma a tarihi.

Injiniya Kabiru: Sean Spicer ya faɗa, ranar Asabar ɗin da yamma. Amma akwai shaidar da ba ta da jam'iyya, ƙofar shiga jirgin ƙasa na birnin. Ranar rantsarwa an ƙirga shiga 570,557. Ranar tattaki 1,001,613. A lokacin, ranar rantsar da Obama a 2009 ce kaɗai ta fi ta. Sai dai a kula, shiga ake ƙirgawa, kuma kowa ya je ya dawo, ka raba biyu, ka cire masu harkar gabansu, ka ƙara waɗanda suka zo a bas ko da ƙafa. Za ka faɗo kusa da abin da masu auna hoto suka samu. In hanya biyu da ba su san juna ba suka haɗu a wuri ɗaya, an kusa gaskiya. Na ƙasa baki ɗaya, Erica Chenoweth da Jeremy Pressman sun tattara gari-gari, suka ba da tsakanin miliyan 3 da ɗoriya zuwa miliyan 5 da ɗoriya. Faɗin tazarar nan ita ce alamar masu gaskiya.

Hajiya Zulai: Bari in sauko ƙasa, wurin da ba a ɗauka a hoto. Banɗaki. Ƙa'idar da hukumar filin ke ba masu taro ita ce ɗaya ga kowane mutum 300. Mutum 200,000 suna buƙatar kusan 670. Da 470,000 suka zo, ana buƙatar sama da 1,500. Taro ne da mata suka fi yawa, da tsofaffi da masu goyo. Ku ƙiyasta layin da kanku. Wanda ya tsaya awa ɗaya a layin banɗaki gobe ko ka kira shi ba zai fito ba.

Sai dokokin da suka sa wa mahalarta, waɗanda wasu suka yi ta ƙorafi a kai. Jakar goyo sai mai gani-har-hanji. Ƙaramar jaka kada ta wuce inci 8 a 6 a 4. Kwali da tuta an yarda, amma ba a maƙala su a sanda ba. Dalilin sandar biyu ne. Cikin matsi tana tsokane ido, sannan in hatsaniya ta tashi, ɗan sanda zai rubuta ta a matsayin makami, kuma ba za ka iya musa masa ba.

Na uku, waya. Mutum dubu ɗari huɗu a kan turakun sabis ɗin da aka yi wa unguwa guda, ai ba kira ba saƙo. Duk tsarin da ya dogara da WhatsApp ranar taro ya mutu tun kafin a fara. 'Yan agaji sai da rediyon oba-oba, sai an raba wuri shiyya-shiyya kowace da shugabanta, sai an ajiye wurin haɗuwa ga wanda ya ɓata. Lambar lauya a rubuta ta da alƙalami a damtse, don in an kama ka wayar ce farkon abin da za a karɓe.

Nura Gwale: 'Yan agaji nawa ake buƙata, Hajiya?

Hajiya Zulai: In so samu ne ɗaya ga mutum 50, kada dai a wuce 100. Amma inda aka ajiye su ya fi yawansu muhimmanci. Sahu ɗaya a gaba, hannu cikin hannu, su riƙe saurin tafiya daidai da na tsohuwa mai sanda. In na gaba suka yi sauri, jerin ya tsinke, a gibin nan mota take kutsowa ko ɓata-gari su shiga. Sahu ɗaya a baya yana kwasar waɗanda suka gaza. Sauran a kwanoni da mahaɗa, don a kwana ake cushewa, na ciki suna tafiya kaɗan na waje suna zagaye. Mutum ɗaya tak ke magana da kwamandan 'yan sanda, a san shi da suna tun kwanaki kafin ranar. Sannan tashi. Yawancin fitina bayan an ce an gama take farawa, lokacin da iyalai suka tafi, rana ta faɗi, aka bar masu zafin kai da 'yan sandan da suka gaji. A sanar da lokacin tashi, a tashi da rana tsaka, 'yan agaji su ne na ƙarshen barin wuri.

Barista Aminu: Abin da Hajiya ta lissafa shi ne babu a tattakin safiyar Juma'a. Ƙawancen da ya kira kansa DisruptJ20 ya shirya abubuwa da dama ranar, har da tare ƙofofin shiga wurin biki. Wani ayari na 'yan ɗaruruwa, sanye da baƙaƙen kaya fuska a rufe, ya ratsa tsakiyar gari. Wasu ƙalilan a ciki suka farfasa gilasan banki da na shagunan abinci. Da rana kuma aka ƙona wata doguwar motar haya a kusa da titin K. 'Yan sanda suka yi wa ayarin ƙawanya a mahaɗar titi na 12 da L, suka tsare kowa awanni, har da 'yan jarida da masu sa ido na lauyoyi da masu ba da agajin gaggawa.

Hikimar baƙaƙen kaya ita ce kada a gane wanda ya yi. Masu gabatar da ƙara sai suka juya ta: tunda ba a gane ku, duk ku ne. Aka tuhumi mutum sama da 200 da babban laifin tarzoma da haɗa baki, tuhumar da a takarda za ta iya kai mutum shekaru gommai a kurkuku. An karɓe wayoyinsu an bincike. Ma'aikatar shari'a har ta nemi kamfanin da ke ɗauke da shafin ƙawancen ya miƙa bayanan masu ziyara kimanin miliyan 1.3, sai da aka yi ca sannan ta rage buƙatar.

Musa Ɗan Sabon Gari: To ai sun ga abin da ya ishe su. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Barista Aminu: Dakata ka ji ƙarshen, Malam Musa. Shida na farko da aka gurfanar an wanke su a Disamba 2017. A 2018 alƙali ya gano masu ƙara sun ɓoye wa lauyoyin waɗanda ake tuhuma wasu hujjojin bidiyo. Zuwa Yuli 2018 gwamnati ta janye duk sauran tuhumar. Mutum 21 ne suka amsa laifi ta hanyar sasantawa. A 2021 birnin ya yarda ya biya dala miliyan 1.6 kan yadda aka yi kamen. Dokar birnin tun 2004 ta ce a yi gargaɗi a bar wa mutane hanyar fita, kada a yi kamun kan-mai-uwa-da-wabi. Wato a shari'a gwamnati ce ta sha ƙasa. Amma wanda aka wanke bayan wata goma sha takwas yana zaryar kotu, aiki ya tafi, kuɗin lauya ya ci shi, shi ma an hukunta shi. Sannan hoton motar nan tana ci da wuta shi aka yi ta nunawa a talabijin daren nan.

Dakta Bilkisu: Mu koma kan tambayar Malam Nura, me aka ci. Kwana shida bayan tattakin, 27 ga Janairu, Trump ya sa hannu kan dokar hana 'yan ƙasashe bakwai shiga: Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya da Yemen. Washegari filin jirgin JFK a New York ya cika da masu zanga-zanga, lauyoyi suka zauna a ƙasa da kwamfutocinsu suna rubuta ƙara, daren nan wata alƙaliya a Brooklyn ta hana a mayar da waɗanda aka tsare. Ba zan ce tattakin ne ya haifi wannan kai tsaye ba, amma jama'a a ɗumame suke, lambobin juna suna hannu. Sai zaɓen 2018, jam'iyyar Democrat ta ƙwace majalisar wakilai da ƙarin kujeru kusan 40, mata sama da 100 suka shiga, abin da ba a taɓa yi ba.

Nura Gwale: Dakta, jam'iyyar shugaba mai ci kusan kullum tana asarar kujeru a zaɓen rabin wa'adi. Kuma dokar hana shigar nan kotun ƙoli ta amince da sabon salonta a 2018, aka sa Chadi na ɗan lokaci, mu ma Najeriya aka sa mu a 2020.

Dakta Bilkisu: Duka biyun gaskiya ne, ban musa ba. Asarar kujeru al'ada ce. Yawan matan da suka tsaya takara karon farko shi ne sabo. Ita kanta ƙungiyar tattakin ba ta daɗe da haɗin kai ba, rikici ya ci shugabancinta kan zargin ƙin jinin Yahudawa, uku daga cikin jagororin farko huɗu suka bar kwamitin a 2019. Tattakin da aka yi 18 ga Janairu 2025 kuwa bai kama ƙafar na farko ba. Dalili a fili yake: a 2016 suna da hujjar cewa mafi yawan masu zaɓe ba su zaɓe shi ba, a 2024 ya ci ƙuri'ar jama'ar ma.

Issoufou Maraɗi: Barkanku da muhawara. Ku ba ni dama in kawo namu, don akwai bambancin da ba a faɗa ba. Matan Amurka ba su ce an yi maguɗi ba, cewa suka yi ba mu yarda da manufarka ba. Masu cewa an sace zaɓe wani abu ne daban, don su ba su da wurin tsayawa sai an soke sakamako. A Yamai, da hukumar zaɓe CENI ta ba Bazoum nasara a kan Mahamane Ousmane 23 ga Fabrairu 2021, aka fita aka ƙona tayoyi, mutum biyu suka mutu, aka kama ɗaruruwa, aka yanke intanet wajen kwana goma. Kwana biyu kafin rantsarwa, 31 ga Maris, aka ji harbe-harbe kusa da fadar shugaban ƙasa. An dai rantsar da shi 2 ga Afrilu.

Dakta Bilkisu: Malam Issoufou, madalla. Amurka ma ta ɗanɗana irin wannan ranar 6 ga Janairu 2021, da magoya bayan Trump suka afka wa majalisa don hana tabbatar da Biden. An jikkata 'yan sanda kusan 140, majalisa ta koma zama daren nan ta ƙarasa, an tuhumi mutum sama da 1,500, Trump kuma ya yafe musu ranar da ya dawo mulki.

Barista Aminu: Tunda an shigo gida, gyara ɗaya ga masu cewa a Najeriya sai da izinin 'yan sanda. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin taro, kuma kotun ɗaukaka ƙara a 2007, a shari'ar Sufeto Janar da ANPP, ta ce sharaɗin neman izinin ya saɓa wa tsarin mulki. Sanarwa ake yi don su ba da tsaro. A kai takarda da hannu, da hanya da lokaci da sunan mai magana da su, a karɓo kwafi mai hatimi da kwanan wata, a yi hotonsa a raba wa 'yan agaji. Ko kwamandan da ke bakin titi zai mutunta ta, wannan wata magana ce.

Inda muka bambanta da Amurka sosai shi ne jeren lokaci. Su ana gama ƙorafin zaɓe kafin rantsarwa. Mu an rantsar da Tinubu 29 ga Mayu 2023, kotun ƙoli ba ta yanke hukunci ba sai 26 ga Oktoba.

Hajiya Zulai: Barista, a ƙara da sunan asibiti mafi kusa a takardar, da titin da aka bar wa motar asibiti. Injiniya kuma ina jiran lissafinka na ruwan sha, don na Janairun Washington ba zai yi aiki a Kano cikin Afrilu ba.